Gurbin da Malam Shiru Ya Kwanta

Ranar Juma'ar da na zauna ni kaɗai a sito tare da ɗakin ja, ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba na jin zan manta. Ku da kuka zo aiki bayanmu kuna yawan tambaya me ya sa Alhaji ya hana a zuba kaya a cikin duk wani abu mai taya da za a ja a kan titi, alhali kowa ya san darajar wuri a kwantena. Wasu suna ce muku hatsari aka taɓa yi, wasu suna ce muku aljanu ne. To ni ina wurin. Bari in rubuta muku yadda na gani, da irin rubutun wadda ta riƙe biro da girmanta. In kun ga kuskure ku gyara a zuci.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kaya muke aikawa daga Guangzhou zuwa gida. Ɗan kasuwa zai yi sayayyarsa a kasuwannin Canaan ko na Tianhe, a kawo mana sito, mu tara, mu loda a kwantena. Alhaji Sabo ne mai kamfani, shi 'yan China suke ce wa lawban. Daga shi sai manaja, Malam Mudi ne a lokacin. Sai mai awo, wanda yake auna girman kowane kwali. Sai masu lodi. Sai ɗan rakiya, wanda yake bin kaya daga sito har filin lodi da ke kusa da tashar jirgin ruwa, ba ya juyowa sai ya ga an kulle kwantena da idonsa. Ni kuma mai alama ce. Ina rubuta sunan mai kaya da garinsa a jikin kwali da baƙar maka. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu a Kano, ina goye da autata, ban san a China zan ci abinci da shi ba. Maigidana ne ya kawo ni ƙasar nan. Da Allah ya yi masa rasuwa, Alhaji ya ba ni wannan aikin.

Ɗan rakiyar kuwa ɗana ne na fari. Babangida nake ce masa, domin sunan mahaifin maigidana ya ci, ga shi kuma ɗan fari, kunyar ta zama biyu. Tun da na haife shi bakina bai taɓa furta sunansa na yanka ba. In ya durƙusa ya gaishe ni a sito, ina amsawa ne idona a kan kwali. In ya yanke a hannu, wani nake turawa da magani. Akwai masu lodin da suka yi watanni tare da mu ba su san ni na haife shi ba. Haka iyayenmu suka yi da mu, ban kuma taɓa ganin laifin abin ba.

A watan Maris abin ya faru, lokacin da garin nan yake gumi. Wanda ya yi shekara a nan ya san kwanakin: bango yana zubar da ruwa, daɓe yana santsi, madubi ya rufe, wanki ya kwana ya wuni bai bushe ba. A irin kwanakin ne wani Elhaji mutumin Damagaram, mai aikin haƙa rijiyar burtsatse, ya kawo mana abin da ya saya. Ɗaki ne sukutum a kan taya biyu, ɗaya a kowane gefe, da gado a ciki, da ɗan madafi, da banɗaki. Ba shi da inji, mota ce take jan sa. Masu hali suna fita shaƙatawa daji da irinsa su kwana a ciki. Shi Elhaji yana so ne don in aiki ya kai shi daji ya samu wurin kwana. Karaban yake ce masa. Mu muka sa masa ɗakin ja.

Wanda aka girke a ƙofar masana'anta don masu saye su gani, shi ya ɗauka, domin an yi masa sauƙi. An wanke shi tas, tayoyin baƙaƙe wulik suna sheƙi. Malam Mudi ya tsuguna ya shafa ɗaya, ya ce, "Elhaji, ka yi dace. Ko gashinta bai kaɗe ba." Kun san 'yan siraran gashin roba da suke tsaye a jikin tayar da ba ta taka ƙasa ba. Da su muke gane sabuwa, da su da zurfin zane. Elhaji ya sa ƙafa ya daki tayar, ta yi ƙara, ya ce, "Sabuwa dal." Ya yi mana sallama ya hau jirgi ya koma gida.

Babbar mota mai kwantena ba ta shiga lungun sitonmu da irin wannan kaya, don haka aka tsara ranar Asabar da safe wani direba, Lao Liu, zai zo da motarsa ya ja ɗakin zuwa filin lodi.

To kun san halinmu. Idonmu ba ya iya ganin wuri a banza. In za mu aika mota gida, sai mun cika ta har rufi. Ga ɗaki guda babu kowa a ciki, ai sai aka fara. Kayan Elhaji aka fara sawa: kwalayen tayil na gidan da yake ginawa, da baturan sola, da kawunan famfo. Daga nan labari ya kai Huanshi Lu, unguwar da mutanenmu suke taruwa, sallahu ya fara zuwa. Wannan ya ce ɗan kwali ne na mahaifiyarsa, wancan ya ce ba nauyi, takalma ne. Wa zai iya ce wa mutum a'a a kan saƙon uwarsa? Duk ni na rubuta musu alama. Aka cika madafin, aka cika banɗakin, aka jera har saman taga. Gadon kawai aka bari, domin Babangida ya ce a nan zai kwanta a hanya. Motar Lao Liu ma za a cika ta, kujerar gaba kuma an riga an yi alkawarinta.

Wanda aka yi wa alkawarin kujerar kuwa, mutum-mutumin roba ne, irin wanda ake sa wa kaftani a ƙofar kanti. Na wani ɗan Gana ne mutumin zangon Kumasi, ya roƙa kada a danne shi da kaya ya tsage. Tsawonsa tsawon namiji. An naɗe shi da farar leda an jingine shi a bango kusa da ɗakin ja. Masu lodi suka ɗora masa hula, suka sa masa suna Malam Shiru. In sun wuce sai su ce, "Malam, an tashi lafiya? To, madalla."

Aka gama lodi aka kulle ɗakin, mukulli yana aljihun Alhaji. Aka tura shi can ƙarshen sito, gefensa na hagu yana manne da bango.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci. 'Yan Chinan da suke taya mu lodi suka tafi cin abinci da ɗan barcinsu na rana. Aka kashe manyan fankoki, aka ja ƙofa aka bar 'yar kafa. Na yi sallata na zauna a kan kwali ina jan carbi. Ba ni da tsoron zaman kaɗaici, na saba. Abin da nake ji kawai ɗigar ruwa daga rufi.

Sai na ji ƙas.

Kamar mutum ya lanƙwasa yatsa ya yi ƙara. Na ɗaga kai, shiru. Na koma kan carbina. Can sai ƙas, ƙas. Daga ƙarshen sito yake fitowa. Na ce ɓera ne. Amma ɓera yana gudu, wannan kuwa a wuri ɗaya yake, kuma ba ya sauri. Yana yi yana hutawa, kamar mai jiran a amsa masa.

Na miƙe na taka a hankali saboda santsi. Da na matsa sai na ji wani abu a ƙarƙashin ƙarar: numfashi. Dogo, siriri, ba ya yankewa, irin na mai barcin da hancinsa ya toshe. Na tsaya ina karanta abin da na iya. Ina cikin karatun wani abu mai nauyi ya ja jiki a cikin ɗakin, kamar wanda yake kwance ya juya ɗaya gefen. Ɗakin ya ɗan girgiza. A lokacin na lura ba a miƙe yake ba. Ya karkata wajen bango, kamar tsohon da ya gaji ya jingina.

Na ɗaga ido na dubi tagar da ke saitin gadon. Gilashin ya rufe da raɓa ta ciki, kamar sauran. Amma a ƙasa, daidai inda kan mai kwanciya zai kasance, an share wani ɗan wuri. Shatin yatsu ne, an ja su daga sama zuwa ƙasa, ruwa yana gangarowa daga ƙarshensu. Kamar wani ya goge don ya leƙo.

Ban leƙa ba. Na ja da baya, sai kafaɗata ta taɓa leda. Malam Shiru ne a tsaye da hularsa, ledar da ke kan fuskarsa ta yi gumi ta ciki, daidai baki. Na san zafi ne da laima. Na sani sarai. Amma ƙafafuna ba su sani ba. Ban san lokacin da na samu kaina a waje ba, a ƙarƙashin yayyafi, babu takalmi.

A nan maza suka same ni. Na ja Malam Mudi gefe na gaya masa, murya ƙasa ƙasa. Bai iya riƙewa ba.

"Inna, ko dai Malam Shiru ne ya yi miki sallama?"

Masu lodi suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Ai dama na ga yana kallonta tun jiya." Wani ya ce a kira malami ya yi tofi, kada a kai wa Elhaji baƙi har Damagaram. Suka shiga, aka kunna fankoki, injin ɗaga kaya ya tashi. Malam Mudi ya je ya kasa kunne, a cikin wannan hayaniya me zai ji? Ya daki tayar da ke waje, ta amsa. Ta jikin bango ba mai iya kaiwa gare ta. Ya ce daɓen ne ba daidai ba, shi ya sa ɗakin ya karkata. Tagar kuwa, da iskar fanka ta buga, raɓar ta gangare gaba ɗaya, babu shatin komai.

Babangida ya zo ya tsaya nesa kaɗan, kamar yadda ya saba, yana murmushi.

"Inna, gadon yana da faɗi. In akwai mai shi, sai ya matsa min."

Na mayar da idona kan kwali. Me zan ce a gaban mutane?

Asabar da safe Lao Liu ya zo. Da aka turo ɗakin za a ɗaura shi a bayan motarsa, sai da mutane da yawa suka taru kafin ya motsa. Lao Liu ya ɓata fuska, ya yi magana da yawa yana nuna ƙasa. Babangida ne mai jin yarensu, aka ce me ya ce.

"Wai ya yi nauyi. Kuma wai ba a shiga ciki in ana tafiya."

Malam Mudi ya dafa kafaɗar direban. "Lao Liu, meyo matsala, wato babu matsala. Nan da can ne." Ya juyo ga Babangida. "Kai kuma ka ja labule, wa zai gan ka?"

Aka zaunar da Malam Shiru a kujerar gaba, aka ɗaura masa bel, ana ta dariya. Alhaji ya buɗe ɗakin ja. Wani wari ya fito, na laima da roba. Babangida ya cire takalminsa ya riƙe a hannu, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala. Ina tsaye da maka a hannuna, ina ce wa raina ba komai, raɓa ce, ɓera ne, ki kama girmanki. Da ya ɗora nauyinsa sai na ji ta, a ƙarƙashin surutun mutane duka.

Ƙas.

Na kira sunansa. Sunansa na yanka, na kakansa, da ƙarfi, har sito ya amsa.

Ban taɓa jin wuri ya yi tsit irin haka ba. Ya juyo kamar wanda aka mara, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ni kaina sunan ya yi min baƙo a baki. Na ja mayafi na rufe fuska.

Alhaji ya tako. "Hajiya, lafiya?"

"Alhaji, ka yi min arziki. Kada ya shiga."

"Me kika gani?"

"Ban san abin da na gani ba."

Malam Mudi ya fara cewa, "Ranka ya daɗe, maganar jiya ce ta..." Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya dube ni. Sannan ya ce, "Tun ranar sunan yaron nan nake tare da gidansu. Ban taɓa jin matar nan ta kira shi ba sai yau. Ku sauko da Malam Shiru."

Aka kwance shi daga kujerar gaba, aka kai shi ɗakin ja aka kwantar da shi a kan gadon, aka sa igiya aka ɗaure don kada ya gangaro. Wani ya gyara masa hula, amma wannan karon ba wanda ya yi dariya. Babangida ya shiga gaban mota ya ja ƙofa. Bai dube ni ba. Na kunyata shi a gaban abokan aikinsa, na sani. Na bi su da kallo har ɗakin ya sha kwana, yana ɗan rangaji.

Kafin azahar wayar Malam Mudi ta yi ƙara. Ina kallonsa ya ɗauka yana dariya, ina kallonsa dariyar ta tsaya. Ya ce innalillahi, ya zauna a ƙasa a kan jiƙaƙƙen daɓe.

Tayar hagu ta ɗakin ja ce ta fashe a kan babbar hanya. Ɗakin ya fara jifa da bayan motar dama da hagu, ya fizge daga maɗaurinsa, ya kife ya daki ƙarfen gefen titi. Allah ya taƙaita, babu mota kusa a bayansu. Lao Liu ya riƙe sitiyari har ya tsaya. Babangida ya fasa goshi kaɗan, shi ke nan.

Da yamma Alhaji ya tafi da ni filin da aka janye ɗakin aka ajiye. Sai da aka sa ƙarfe aka ɓalle ƙofar. Duk abin da muka jera, tayil da batura da kawunan famfo da sallahun mutane mai ɗauke da rubutun hannuna, ya taso ya sauka a wuri ɗaya: kan gadon. Masu lodi suka yi ta ɗagawa kafin a kai gare shi. Ƙirjin Malam Shiru ya lotsa ya haɗe da katifa. Kansa ya rabu da wuya, yana gefe a cikin leda, hular tana nan a kai.

Babangida yana tsaye kusa da ni da bandeji a goshi. Ya daɗe yana kallon gadon. Sai ya durƙusa a gabana kamar zai gaishe ni da safe. Na ɗora hannu a kansa, a gaban kowa.

A filin akwai wani tsoho mai facin taya. Shi ya juya mana ragowar tayar ya yi bayani, Babangida yana fassarawa. Ya nuna wasu 'yan lambobi a gefenta, ya ce su ne suke faɗin mako da shekarar da aka yi ta, kuma wannan ta tsufa a tsaye. Ya ce tayar mota tafiya ce take cinye ta, kowa yana gani. Tayar ɗakin ja kuwa zama ne yake kashe ta: rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, robar ta bushe ta tsattsage, gashinta yana nan, zanenta yana nan. Mai aka shafa mata ta yi sheƙi. Ya lanƙwasa gefen da yake kallon ciki, sai ga tsaga kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Ya nuna wata lambar, ya ce iyakar nauyin da za ta ɗauka ke nan, mu kuwa mun wuce shi nesa. Ƙas ɗin da na ji, wayoyin ƙarfe ne na cikinta suke tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Numfashin, iska ce take fita ta bakin da ake hura ta, shi ma ya tsage. Tana saki ɗakin yana karkata, kwalaye suna zamewa a ciki. Ya ƙara da cewa direba yana jin tayar motarsa a hannunsa, amma wadda yake ja a baya ba ya jin ta sai ta gama.

Na ce a tambaye shi shatin yatsun. Babangida ya tambaya. Tsohon ya dube ni ya girgiza kai, ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Mukulli bai bar aljihun Alhaji ba tun ranar da aka kulle ɗakin. Malam Mudi ya ce ɗigon ruwa ne ya gangaro. Wataƙila. Ni dai yatsu na gani, gilashin kuma ya farfashe a kan titi, babu wanda zai sake dubawa.

Daga wannan makon Alhaji ya kafa dokokin da kuka tarar. Duk abin da za a ja, a wofi zai fita, ko saƙon uwar wa aka kawo. Ba mai shiga ciki. Kafin ya motsa sai an janye shi daga bango an duba tayoyin ciki da waje, an karanta lambar shekara, an gwada iska da ma'auni ba da dukan ƙafa ba. In ya daɗe a ajiye, a sauya su ko suna sheƙi, har da safaya.

Abin da na koya a kan mutanenmu shi ne, ba mugunta ce ta kusa kashe min ɗa ba. Kirki ne. Kowa yana so ya taimaki ɗan'uwansa da ɗan wuri, kowa yana jin nauyin cewa a'a, kowa ya yarda da abin da ya yi kyau a ido. Abin da na koya a kan aikin kuma, kaya suna magana kafin su yi ɓarna, sai dai muryarsu ƙarama ce, sito kuma da hayaniya. Ni ban san taya ba, ban fi kowa sanin komai ba. Shiru kawai na samu, na kuma tsorata. Alhaji ma bai yarda da aljanuna ba. Abin da ya ji shi ne sunan.

Yanzu Babangida ne manajanku. In kun ga ya ce a kashe fanka kowa ya yi tsit, ya kwanta a ƙasa da tocila kusa da taya yana kasa kunne, kada ku yi masa dariya a bayan ido. Ya taɓa ganin gadonsa.

Ni kuwa tun ranar na koma ce masa Babangida, ina amsa gaisuwarsa idona a kan kwali. Sunan yana nan a ajiye. Kullum na idar da salla ina roƙon Allah kada ya sake nuna min ranar da zan buƙace shi.